Wata Biyar Kafin Ƙanƙara: Ayarin Fataken Fata a Kogunan Kanada

A ranar 1 ga Yunin 2025 aka rufe shagunan Hudson's Bay na ƙarshe a Kanada. Bashi ne ya durƙusar da kamfanin bayan ya shekara 355 yana cin kasuwa, kuma a duk Arewacin Amurka babu kamfanin da ya kai shi tsufa. Tun ana saura makonni a rufe, jama'a suka yi ta dafifi a shagunan suna neman abu guda: wani farin bargon ulu mai ratsi huɗu, kore da ja da ɗorawa da shuɗi mai duhu irin na baba. Kafin a ankara bargon ya ƙare.

Galibin masu wannan rububi da turare da takalma da kayan ɗaki suka san kamfanin. Tushen dukiyarsa kuwa a cikin kwalekwale ya zo, a bisa wuyan 'yan dako da bayan dawaki, ta hanyoyin da tsawonsu ya kai dubban kilomita. Rufewar ta sake ta da tsohuwar gardama a ƙasar: da gumin wa aka tara wannan dukiya, kuma a ƙasar wa aka tara ta? Mai son ya fahimci gardamar sai ya koma bakin kogi.

Asubahin Lachine

A ce farkon watan Mayu ne, wajen shekarar 1800. Ƙanƙarar da ta daskarar da koguna tun farkon hunturu ta tsattsage, ruwa ya fara tafiya. A Lachine, wani ƙauye da ke gaba kaɗan da birnin Montreal, kwalekwale sun jeru a gaɓa, ana ta loda musu kaya tun duhun asuba.

Kwalekwalen kansa abin kallo ne. Tsawonsa ya kai mita goma sha ɗaya, kuma ko ƙusa ɗaya babu a jikinsa. Ɓawon bishiyar birch ne aka ɗinke da saiwar itace a kan siraran haƙarƙarin katako, aka bi ɗinkin da ƙaro aka liƙe. Mutum huɗu zuwa shida suna iya saɓa shi a kafaɗa, amma a kan ruwa yana ɗaukar kaya tan uku ko fiye, ga matuƙa takwas zuwa goma sha biyu. Fasahar ta 'yan asalin ƙasar ce, su Algonquin da Ojibwe. Abin da Bature ya ƙara shi ne tsawo.

Kayan kuwa barguna ne da tukwanen tagulla, gatura, wuƙaƙe, bindigogi da albarushi, allurai, duwatsun ado, taba da barasa. An ɗaure komai ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi kusan kilo arba'in, don a san nauyin da kowa zai ɗauka idan an zo inda ruwa ba ya biyuwa.

Kwalekwale ba ya tafiya shi kaɗai. Uku, huɗu, shida suke tashi tare ƙarƙashin jagora ɗaya wanda ya san kowane dutse da ke kan hanya. Da kalmar soja kamfanonin suke kiran wannan rukuni, birged, amma duk wanda ya ji labarin fataken Gwanja zai gane abin nan take: ayari ne, da madugunsa da zangonsa. Bambancin shi ne, fataken goro damina suke tsere wa, waɗannan kuwa ƙanƙara.

Kafin su shiga kogin Ottawa sai su tsaya a cocin Sainte-Anne, kowa ya jefa ɗan abin da ya sawwaƙa, ya roƙi dawowa lafiya. Daga nan sai daji.

Malafar da ta jawo komai

Duk wannan wahala saboda wata dabbar ruwa ce da ake kira biba, mai kama da ƙatuwar gafiya, da faffaɗar wutsiya da haƙoran da take sare itace da su ta datse rafi. A ƙarƙashin dogon gashinta akwai wani lallausan gashi wanda idan an murza shi yakan sarƙe ya zama ƙyalle mai ƙarfi da ruwa ba ya ratsawa. Da shi ake yin doguwar malafar nan ta manyan Turai. Sama da shekara ɗari biyu, mai hali a Landan ko Faris ba ya fita kai babu ita, alhali bibar Turai an kusa cinye ta.

Wani abin dariya: fatar da ta fi tsada ita ce wadda mafarauci ya riga ya sa a jikinsa har tsawon hunturu ɗaya ko biyu, dogon gashin ya zube, lallausan ya yi laushi da maiƙon jiki. Wato tsohuwar rigar da mai ita ya gaji da ita, ita Bature yake biya da tukunya da gatari. Kowanne cikinsu yana ganin shi ya ci riba.

Fatar biba ta zama kuɗi. A littattafan Hudson's Bay, da ita ake auna farashin komai, daga bindiga zuwa allura, har fatun sauran dabbobi.

Kamfani biyu, hanya biyu

Wasu Faransawa biyu, Radisson da des Groseilliers, su suka kai wa Ingila shawarar a shiga kasuwar ta mashigin tekun Hudson da ke arewa, bayan hukumomin ƙasarsu sun watsa musu ƙasa a ido. A ranar 2 ga Mayun 1670 Sarki Charles na Biyu ya ba sabon kamfani takardar mallakar duk ƙasar da ruwanta ke gangarawa zuwa wannan mashigi, kusan kashi ɗaya cikin uku na Kanada ta yau. Sarkin bai taɓa ganin ƙasar ba, kuma ba a tambayi ko mutum ɗaya daga cikin mazaunanta ba. Harajin da aka ɗora wa kamfanin shi ne baƙaƙen biba biyu da manyan barewa biyu duk sa'ad da sarki ya taka ƙasar.

Mai karatu na Afirka ta Yamma zai so ya san wannan: gwamnan kamfanin na biyu, ƙanen sarki, Duke na York, shi ne kuma shugaban kamfanin Royal African da ke jigilar bayi daga gaɓar tekunmu. Sunansa aka sa wa York Factory, babban sansanin kamfanin a bakin kogin Hayes.

Kusan shekara ɗari mutanen Hudson's Bay suna zaune a bakin teku, kasuwa tana zuwa ta same su. Ƙabilun Cree da Assiniboine su ne dillalai. Su ke tattaro fatu daga ƙabilun can ciki, su sauko da su cikin nasu ayarin kwalekwale, su koma da kayan Turai su sayar da riba mai kauri.

Sai 'yan Montreal suka ɓullo ta baya. Bayan Ingila ta ƙwace Kanada daga hannun Faransa, 'yan kasuwar Sikotland suka gaji tsofaffin hanyoyin Faransawa da matuƙansu, suka haɗa jari a 1779 suka kafa kamfanin North West. Dabararsu mai sauƙin faɗa ce: a kai kaya har ƙofar mafarauci, a tare fata kafin ta gangara teku. Tun kafin haɗewar tasu matsin ya kai ga Hudson's Bay ya tura Samuel Hearne ya gina sansani a cikin ƙasa, Cumberland House, a 1774. A 1778 kuma Peter Pond, wanda 'yan ƙasa suka nuna wa hanya, ya tsallaka tudun Methye ya faɗa ƙasar Athabasca, inda tsananin sanyi ke sa fata ta fi ta ko'ina kauri. Daga nan tsere ya kankama.

Lissafin wata biyar

A nan ne gaɓar labarin take. Daga Montreal zuwa Fort Chipewyan a tafkin Athabasca kusan kilomita dubu biyar ne, kamar mutum ya tashi daga Kano ya je Legas ya dawo sau biyu, da ɗoriya. Ruwan arewa kuwa ba ya buɗewa sai cikin Mayu ko Yuni, kuma kafin Oktoba ya fita ya sake daskarewa. Wata biyar ke nan, wani lokaci ma ba su cika ba. Babu matuƙin da zai je ya dawo a cikinsu.

Sai aka raba hanyar biyu, aka yi 'yar miƙa. Manyan kwalekwale su tashi daga Lachine, su haura Ottawa, su shiga Mattawa, su ratsa tafkin Nipissing, su gangara kogin French zuwa tafkin Huron, su wuce Sault Ste. Marie, sannan su rungumi gaɓar arewa ta tafkin Superior, wanda faɗinsa kamar teku ne kuma iska ɗaya tana iya kife ayari. Sati shida zuwa takwas ake yi. A daidai lokacin, ƙananan kwalekwale masu tsawon mita bakwai zuwa takwas suna gangarowa daga arewa maƙare da fatun hunturu.

A watan Yuli ake haɗuwa. Da farko a Grand Portage ake yi, inda ake dakon kaya kilomita goma sha huɗu ta tudu. Da iyaka ta jefa wurin cikin Amurka, sai aka koma bakin kogin Kaministiquia a 1803, sansanin da daga baya aka sa wa suna Fort William. Mutum dubu ko fiye suke cika wurin na 'yan makonni. Masu hannun jari suna cikin babban zaure suna lissafi da liyafa, matuƙa suna waje suna cinye albashin shekara a barasa da goge da dambe. Ana musayar kaya, kowa ya juya inda ya fito.

Ayarin Athabasca ma ko Fort William ba ya iya kaiwa. A tafkin Rainy ake tarar sa a karɓi fatu a ba shi kaya, don kwanakin da zai ƙara na iya sa ƙanƙara ta kama shi a hanya, ya kwana hunturu a inda babu abinci.

Kuɗi ma haka yake jira. Daga ranar da aka yi odar bargo a Ingila zuwa ranar da fatar da aka saya da shi ta zama fam a Landan, shekara uku zuwa huɗu ce. Wannan jinkiri shi ya yi ta cin kamfanin North West a hankali, don abokin hamayyarsa jirgin teku ke kawo masa kaya har tsakiyar nahiya.

Wuni ɗaya a hanya

Da Faransanci ana kiran matuƙan voyageurs. Yawancinsu 'ya'yan manoman Quebec ne, sai Iroquois na Kahnawake, daga baya kuma Metis, wato ruwa-biyun da aka haifa tsakanin fatake da matan ƙasar. An fi son gajere mai faɗin ƙirji, don dogo ƙafarsa tana cin wurin kaya. A gaban lauya ake ƙulla yarjejeniya, da yawansu da alama kawai suke sa hannu don ba su iya rubutu ba, a ba su kafin alƙalami da bargo da riga. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa, dole ya yi masa aski.

Wajen ƙarfe uku na dare madugu yake ta da mutane. Ana tuƙi sa'o'i kafin a karya kumallo. Filafili yana shiga ruwa sau arba'in zuwa hamsin a minti ɗaya, waƙa ce take daidaita hannuwa, kuma wuni na sa'a goma sha huɗu ba abin mamaki ba ne. Kusan duk bayan sa'a guda a tsaya na 'yan mintuna a sha taba, har ta kai da lofe suke auna nisa: tafki kaza lofe uku ne, kogi kaza lofe goma.

Na gaba mai duban duwatsu da na baya mai juya kwalekwale sun fi na tsakiya albashi nesa ba kusa ba. A hannunsu ran kowa yake idan an shiga gangaren ruwa.

Inda ruwa ya faskara, sai a sauke komai a ɗauka ta tudu. Tsakanin Montreal da tafkin Huron kaɗai irin wannan tsallake ya haura talatin. Ga yadda ake yi: a ɗaura ƙunshi ɗaya da igiyar fata, a rataya igiyar a goshi, ƙunshin ya kwanta a ƙugu, sannan a ɗora na biyu a kansa ya zauna a bayan wuya. Kilo tamanin ke nan. Mutum ya sunkuya ya kama sassarfa cikin taɓo da saiwoyi da sauro, ya ajiye bayan kusan rabin mil, ya koma ya ɗauko wasu. Masu neman suna ko ƙarin kuɗi suna ɗaukar uku har huɗu. Saƙaƙƙiyar ɗamarar nan mai launi da ake ganinsu da ita a zane-zane tana da aiki bayan ado, tana riƙe ciki, don ƙaba tana cikin abubuwan da suka fi kashe su.

Ɗaya abin shi ne nutsewa. Da yawansu ba su iya iyo ba, kuma gajiya takan sa a yi kasadar bin gangaren ruwa don a huta da dako. Matafiyan zamanin sun rubuta cewa a gefen miyagun gangara akan ga gicciye-gicciyen itace a kafe, kowanne kabarin wani, ayari ya cire hula idan zai wuce. Akwai kogin da suka sa wa suna Maligne, wato mugu, a hanyar zuwa kogin Churchill.

Da dare a kife kwalekwale a gaɓa, a narka ƙaro a toshe inda ya tsage, a kwanta a ƙarƙashinsa.

Har a cikin wahala akwai manya da ƙanana. Waɗanda ke juyawa daga tafkin Superior su koma gida ana yi musu ba'a da maciya kitsen alade. Mutanen arewa, masu kwana hunturu a daji, su ne zaratan. Wanda ya fara tsallaka tudun da ya raba ruwan gabas da na arewa, sai a yayyafa masa ruwa da reshen itace, ya yi alkawarin ba zai bar wani sabo ya wuce ba tare da an yi masa haka ba, kuma ba zai sumbaci matar ɗan'uwansa matuƙi ba sai da yardarta. A harba bindiga, a sha barasa, ya zama ɗan gari.

Abincin da ya jawo zubar da jini

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mai tsere da ƙanƙara ba shi da lokacin farauta, kwalekwalen da ke cike da haja kuma ba shi da wurin buhunan abinci. A gabas da wake da masara da kitse ake tafiya. A tafkin Rainy matan Ojibwe suna sayar da shinkafar daji. Bayan manyan duwatsun yamma busasshen kifi ake ci.

Tsakiyar hanya kuwa abu ɗaya ya riƙe ta: pemmican. A yanyana naman ɓaunar Amurka kamar za a yi kilishi, a shanya, a daka shi ya koma kamar dambun nama, a kwarara masa narkakken kitse, wani lokaci a zuba 'ya'yan itace, a ɗinke cikin salkar fatar ɓaunar. Yana shekaru bai lalace ba. Mutumin da zai cinye kilo uku ko fiye na ɗanyen nama a wuni, abin da bai kai kilo ɗaya ba na wannan ya ishe shi. An kafa sansanoni a filayen Saskatchewan da kogin Red waɗanda aikinsu ke nan, tara shi a ajiye a kan hanyar ayari.

Saboda haka wanda ya riƙe pemmican ya riƙe maƙogwaron kasuwar. A 1812 Lord Selkirk, babban mai jari a Hudson's Bay, ya zaunar da manoma 'yan Sikotland a kogin Red, daidai kan hanyar abincin North West. A Janairun 1814 gwamnan mazaunin, Miles Macdonell, ya hana fitar da pemmican daga yankin. Metis, waɗanda farautar ɓauna da wannan sana'a su ne abincinsu, suka ɗauki abin a matsayin shelar yaƙi. Aka yi ta ƙwace da ƙone-ƙone, har ranar 19 ga Yunin 1816 aka yi karo a Seven Oaks. Mahayan Metis ƙarƙashin Cuthbert Grant suka kashe gwamna Robert Semple da mutum ashirin na ɓangarensa.

Shari'o'i da asara suka galabaitar da kamfanonin biyu. A 1821 aka haɗe su ƙarƙashin sunan Hudson's Bay.

Waɗanda ba sa cikin littafin albashi

Ɗan kasuwar da ya kwana hunturu a daji ba tare da mace 'yar ƙasa ba, da wuya ya ga bazara da ƙafarsa. Ita ke ɗinka takalman fata da mutum ke kashewa cikin 'yan kwanaki, ita ke saƙa ragar takalmin tafiya kan dusar ƙanƙara, ita ke daka pemmican, ta haƙo saiwa ta tara ƙaron gyaran kwalekwale, ta yi tafinta. Auren kuma shi ke buɗe wa baƙo ƙofar dangi, don a al'adar ƙasar da suruki ake ciniki kafin bare.

Tun 1715 wata mace 'yar Dene, Thanadelthur, ta yi tafiyar watanni cikin hunturu ta sulhunta mutanenta da Cree, abin da ya buɗe wa Hudson's Bay kasuwar arewa. Ita an rubuta sunanta. Dubbai ba a rubuta ba. Wasu mazan sun zauna da iyalinsu har mutuwa, wasu kuwa da lokacin ritaya ya yi suka bar mata da 'ya'ya a sansani suka koma suka auri Baturiya. George Simpson, wanda ya mulki kamfanin kusan shekara arba'in, yana cikin na biyun.

Katako, dawaki da amalanke

Simpson mutum ne mai ƙwaƙulo kwabo. Ya rufe sansanoni, ya sallami fiye da rabin ma'aikata, ya karkatar da kaya daga Montreal zuwa York Factory, inda jirgin Landan ke zuwa sau ɗaya a shekara wajen watan Agusta. Shi kansa da kwalekwale mara kaya yake yawo, da zaɓaɓɓun matuƙa da yake kora kamar ana bin su. A 1824 ya tashi daga York Factory ya kai bakin kogin Columbia cikin kwana 84. A wata tafiyar har da mai busa algaitar Sikotland ya ɗauka, don sansani ya ji isowarsa tun daga nesa.

A manyan koguna jirgin katako da ake kira York ya maye gurbin ɓawo. Ya fi ɗaukar kaya da mutane kaɗan, yana da filafilai dogaye da tanti na iska, kuma dutse ba ya huda shi da sauƙi. Ribar ta kamfani ce, wahalar ta ma'aikaci, don wannan ba ya saɓuwa a kafaɗa. Sai an sare hanya a jera gungume a ja shi da igiya, a inda ruwa ke da ƙarfi kuma mutane su shiga gaɓa su ja shi kamar shanun huɗa. Ayarin Portage La Loche, wanda Alexis L'Espérance ya yi wa madugu shekaru da dama, yakan tashi daga kogin Red a farkon Yuni, ya kai kaya tudun Methye mai kilomita goma sha tara, ya karɓi fatun kogin Mackenzie ya sauke su York Factory, sannan ya dawo gida kafin ruwa ya daskare. Wata huɗu babu hutu.

Akwai kuma ayarin saƙo mai ɗaukar wasiƙu da littattafan lissafi tsakanin Fort Vancouver da York Factory, sama da kilomita dubu huɗu, ta mashigin Athabasca da David Thompson ya bi a 1811. Da jirgi ake farawa, a koma takalmin dusar ƙanƙara, a hau doki, a sake shiga jirgi. A 1838 mutum goma sha biyu na wannan ayari suka nutse a wata gangarar Columbia da tun kafin nan ake kira ta matattu.

A yammacin duwatsu, kogin Fraser ya ƙi biyuwa, kamar yadda Simon Fraser ya gani da idonsa a 1808. Sai aka koma dawaki, ɗaruruwa a jere, kowanne da ƙunshi biyu, daga Fort Alexandria ta Kamloops zuwa Okanagan. Da yarjejeniyar iyaka ta 1846 ta bar ƙasan kogin Columbia a hannun Amurka, dole aka fasa sabuwar hanya ta kan duwatsu zuwa Fort Hope, inda dawaki suka yi ta mutuwa. A filayen ciyawa kuma Metis suka ƙera amalanken itace zalla mai ƙafa biyu. Ba a sa masa mai don ƙura za ta cinye gindin ƙafar, saboda haka kukan ayarinsu a hanyar St. Paul akan ji shi tun ba a hango shi ba.

Kura da shan bugu

Masana ba su taɓa haɗuwa a kan hukunci ɗaya ba. Harold Innis, a littafinsa na 1930 kan cinikin fata, ya nuna cewa iyakokin Kanada kusan sawun waɗannan ayari suka bi, wato filafili ne ya zana taswirar kafin 'yan siyasa su sa hannu. Winnipeg, Edmonton da Victoria duk daga sansanin fata suka tashi. Wannan ra'ayi shi ya haifi hoton da ake sayar wa 'yan yawon buɗe ido: jarumi mai jar hula yana waƙa a kan ruwa.

Arthur Ray da waɗanda suka bi bayansa sun tona littattafan kamfani suka ga wani abu dabam. Mafarautan ƙasar gogaggun 'yan kasuwa ne, suna mayar da bindiga mara kyau, suna ƙin tabar da ba ta Brazil ba, suna haɗa kamfani da kamfani don farashi ya tashi, kuma ba a fara ciniki sai an yi musu kyauta an sha lofe tare. Sylvia Van Kirk ta dawo da mata cikin labarin a 1980.

Jikokin mafarautan suna da nasu lissafin. Hanyar da ta kawo tukunya ita ta yaɗa agana, wadda a 1781 da 1782 ta share ƙauyuka. A shekarun gasa an kwarara barasa kamar ruwa. Bashin kaka da ake biya da fatar bazara ya ɗaure iyalai a jikin sansani ɗaya. A ƙasar kogin Snake, da gangan kamfanin ya tura Peter Skene Ogden ya kashe biba kakaf don Amurkawa su iske fayau. Sannan a 1870 kamfanin ya miƙa wa Kanada ƙasar nan ta takardar 1670 a kan fam dubu ɗari uku, ya riƙe filaye masu kyau, nan ma ba a tambayi masu ƙasa ba. Tawayen Metis ƙarƙashin Louis Riel a kogin Red daga nan ya samo wuta.

A ganina duka ukun suna da gaskiya, sai dai ba su zo daidai a ma'auni ba. Wayon ciniki ya amfani mafarauci ne muddin akwai kamfani biyu da biba a rafi. Matuƙi kuwa ko wannan bai samu ba: da yawa sun gama kwantiragi kantin kamfani yana bin su bashi, suka sake sa hannu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba banza ba ne a shekarun ƙarshe ma'aikatan jiragen York suka riƙa yin bore a tsakiyar hanya suna ajiye filafili.

Yadda hanyar ta mutu

Ba a rana ɗaya ta mutu ba. Wajen 1840 malafar siliki ta kori ta biba a Turai, dabbar ta samu sa'ida. A 1859 jirgi mai tururi ya fara kai da kawowa a kogin Red, kaya suka koma shigowa ta jirgin ƙasan Amurka. Ɓauna ta ƙare a filaye wajen 1880, pemmican ya bi ta. A 1885 aka haɗa layin dogo daga gabashin Kanada zuwa tekun yamma, tafiyar da ke cin damina guda ta koma ta kwanaki.

A can arewa mai nisa kwalekwale da jirgin katako sun ci gaba da aiki har cikin ƙarni na ashirin. York Factory bai rufe ba sai 1957, aka kwashe iyalan Cree da suka zauna a gefensa tsara bayan tsara aka kai su wani wuri. Babban farin ɗakin ajiyarsa na katako yana nan tsaye, kogin Hayes yana cin gaɓar da ke gabansa kaɗan-kaɗan. A Norway House, jikokin matuƙan suna tseren jiragen York duk shekara. Ratsin nan huɗu na bargo kuwa, da aka zo rabon gadon kamfanin a kotu, wani kamfanin sayar da tayoyi da kayan gida mai suna Canadian Tire ne ya saye su tare da sunan, a kan dalar Kanada kusan miliyan talatin.